Silimar da Ta Raba Ƴata da Sunanta

Har gobe ban yafe wa Nasarun da suka yi silimar nan ba. Ban san su ba, ban san garinsu ba, wataƙila ma ƙasa ta daɗe da rufe idonsu, amma in Allah ya haɗa mu ranar hisabi ina da magana da su. Suna zaune can ƙasarsu suka aiko da sharrinsu a bayan kamiyo, babbar motar kaya, har Gure, ya raba ƴata da sunanta.

Abin ya faro ne daga gidan Zuwaira. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, mijinta na sayar da atamfa kusa da butik ɗin maigidana, wato kantinsa. Ni da ita duk daga Damagaram aka kawo mu aure, sai dai ita ta yi lakwal, wato makarantar boko, tana karanta Faransanci kamar tana shan ruwa. Cikin kayanta ta zo da wani littafi mai kauri, bangonsa ya daɗe da yagewa, wata madam da ta yi wa aiki ce ta bar mata. Shekarar da ta biyo bayan babban fari, da hankalin mutane ya fara kwanciya, sai ta shiga karanta mana shi. In an yi azahar maza suna kasuwa, mukan taru a inuwar dogon yaron gidanta, kowa da kabarta tana saƙar faifai ko tabarma. Zuwaira ta duƙa kan takarda, leɓenta na motsi, can ta ɗago ta juye mana da Hausa.

Labarin wata marainiya ne a wani gari na bakin teku. Sunanta da Faransanci ya fi ƙarfin harshenmu, muka lanƙwasa shi ya zama Sulanji. Saurayinta matuƙin jirgin ruwa ne, ya yi tafiya, aka aiko cewa jirgin ya nutse. Ba a ɗaura musu aure ba, ba abin da ya ɗaure ta, amma yarinyar nan ta naɗe ƴan kayanta ta koma gidan uwarsa, wata tsohuwa makauniya mai baƙin hali wadda ba ta taɓa ƙaunarta ba. Ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce kwashe abin da ba a faɗa. Tsohuwa ta watsa mata abinci a jiki, ta share ta sake dafawa. Wani attajiri mai tumbi ya yi ta zarya da dukiyarsa, ta ce a kai kasuwa. Ranar da tsohuwar za ta cika ta miƙa hannu ta shafa fuskar Sulanji tun daga goshi har haɓa, ta ce mata "ƴata". Ranar da Zuwaira ta karanta mana wurin nan, ba wadda ta saƙa ko kara ɗaya. Dija, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta ajiye ƙwarya ta yi ta kuka har rana ta juya, ta manta da sauran gidajen da ke jiranta. Daga baya saurayin ya dawo da ransa aka yi biki, amma mu ba bikin ne ya kama mu ba, jinyar ce.

A lokacin ina da tsohon ciki. Na haifi mace bayan maza uku, maigida ya ce sunan mahaifiyarsa za a sa mata. Inna ke nan, da ke zaune tare da mu. Sunan mahaifiyar Annabi Isa ke gare ta, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, don bakina bai taɓa furta shi ba, kuma ba yau zai fara ba. To, yarinya ta ci sunan uwar miji, dole a nemo mata wanda za a riƙa kiranta da shi, in ba haka ba sai dai in yi ta ce wa ƴata "ke". Na je ɗakin Inna na durƙusa na ce ina son a ce mata Sulanji.

Inna ta san labarin, don kullum in na dawo daga gidan Zuwaira nakan ba ta shi ina matsa mata ƙafa. Tana jan carbi ta ce, "Yarinyar da ta yi jinyar uwar miji haka, ai ba a ƙin sunanta ko da Nasara ce. Allah ya sa ta gado halinta."

Suna ya zauna. Unguwa duk ta ɗauka, har malamin da ya raɗa mata na yanka ma Sulanji yake ce mata in ya gan ta a ƙofar gida. Ni kuwa in na kira sai in ji kamar na sa zuma a baki. Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da shi. Kowace mace a layinmu tana da Uwa ko Iya ko Ummi a ɗaki, ni kaɗai ce mai Sulanji.

Tana cikin shekara ta huɗu wani mai kamiyo da ake ce wa Ɗan Kasuwa ya kawo silima daga Damagaram. Ya share filin da yake tara kanwa, ya rataya farin ƙyalle a bangon sito, ya girke gurup, injin ba da wuta, a gefe yana ta ruri. Da farko silimar Indiya yake sa wa maza da samari, mu dai sai jin kiɗa daga nesa. Wata rana Zuwaira ta dawo daga kai yaronta allura tana haki, ta ce ta ga hoto manne a bangon tasha, ta karanta, littafinmu ne aka yi silimarsa, ranar Asabar za a nuna. Muka yi ta guɗa kamar an ce mana an yi ruwa. Amma kashegari sai na ga Zuwaira ta sauya. Ta ce kanta na ciwo. Ta ce silima sauro ne kawai da warin man inji. Ta ce abin da aka ji da kunne ya fi daɗi a bar shi a kunne. Da ina da wayo da na tsaya na tambaye ta dalili, amma ni a lokacin ko tsawa aka yi ba zan ji ba.

Na bi maigida da magiya har ya gaji ya ce to, amma sai in da Inna za a je. Na koma kan Inna, wadda ba ta taɓa taka wurin wasa ba tun da take. Na ce mata ai ba wasa ba ne, wa'azi ne, za ta ga da idonta yarinyar da takwararta ta ci sunanta. Na bi gida-gida ina shela. Ranar Asabar na yi wa Sulanji kitso, na ja mata kwalli, na ɗaura mata sabon zane na atamfar da na ɓoye don Salla. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Bayan isha muka isa. An shimfiɗa wa mata tabarmi a gefe guda, maza sun cika ɗaya gefen, samari har kan buhunan kanwa. A gindin ƙyallen akwai Fannami tsaye da mazurarin kwano a hannu. Tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙi, shi Ɗan Kasuwa ya ɗauka yana fassara wa mutane abin da ake cewa a silima. Mutum ne da bakinsa ba linzami. Ya ji wata ta kira ƴata, sai ya kafa mazurari a baki ya sanar wa duniya cewa yau ga takwarar mai silima a cikinmu, ƴar gidan mai butik, jikar tsohuwar gidan. Aka ɗaga yarinya sama aka yi tafi. Na waiwaya na ga Inna tana murmushi a cikin mayafi.

Aka kashe fitila, haske ya faɗa kan ƙyalle.

Mun san dai Banasariya ce, amma kowa cikinmu da irin Sulanjin da ta ɗauko a ranta. Tawa doguwa ce, mai wushirya, mai sunkuyar da kai. Wadda ta fito kuwa wata ƴar siririya ce kamar an yi fari a gidansu, gashi ya zubo kamar jelar doki, rigarta ko gwiwa ba ta kai ba, a kan keke, tana ƙyalƙyala dariya baki buɗe. Na ce a raina wannan ƴar aikin gidan ce, ta gaskiyar tana tafe. Sai ga saurayi ya fito daga jirgi ya kira sunan, ta yar da keke ta ruga ta maƙale masa a wuya, suka haɗa baki. A bakin hanya, rana tsaka, mutane na wucewa.

Samari suka ɗauki fito. Fannami ya ce ga Sulanji tana yi wa angonta ban kwana irin na mutanen Faransa, wanda bai iya ba ya buɗe ido ya koya. Inna ta fara istigifari a hankali.

Na daure. Na ce bari a zo kan tsohuwa, nan ne labarin yake, in aka ga jinya za a manta da wannan. Aka zo kan tsohuwa. Wace tsohuwa? Wata hamshaƙiya ce zaune a kujera da baƙin tabarau, ga ƴar aiki tsaye a kanta. Sulanji ta shigo riƙe da damin fure kamar mai kai wa akuya harawa, ta ajiye, suka yi magana biyu, ta fita. Kafin in gyara zama an nuna maƙabarta. Shi ke nan. Jinyar da muka yi damina da kaka muna yi wa kuka, watsa abinci, shafa fuska, "ƴata", duk sun share kamar ba a taɓa rubuta su ba. Dija na bayana tana ta tambaya ina makauniyar, ina makauniyar, ba wanda ya ba ta amsa.

Lokacin da suka rage daga jinya kuma ba sadaka suka yi da shi ba, attajiri suka ba. Mai tumbin nan da Sulanjinmu ko ruwa ba ta taɓa karɓa a hannunsa ba, sai ga shi matashi, kyakkyawa, da mota marar rufi. Ta shiga motar. Ta sha giya da shi. Ta busa taba. Suka rungumi juna suna juyi wai rawa. Daga nan aka kai su bakin teku, ta tuɓe ta rage ƙyallaye biyu da ko jariri ba za a goye da su ba, ta faɗa ruwa yana bin ta yana kiran sunanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƴata na zaune a cinyata, duk lokacin da namijin nan ya kira sunan sai ta ɗaga kai ta ce "Na'am". Da muryarta ƴar ƙarama, tsakaninta da Allah. Mata suka fara ƙunshe dariya, ta tsallaka wajen maza, wani ɗan iska daga kan buhu ya ƙwala kiran sunan don kawai ya ji ta amsa. Ta amsa masa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na nuna ƙyallen da yatsa na ce, "Ƙarya kuke! Wallahi wannan ba ita ba ce!"

Fili ya ɗauki dariya. Fannami ya ce baiwar Allah ki zauna, ba sa jin Hausa. Inna ta dafa ƙasa ta tashi, ta zare yarinyar daga hannuna, ta saɓa ta a kafaɗa, ta ratsa mutane ta fita. Na bi ta a baya. Ƙarshen silimar a bakin Dija na ji shi, wai ko da saurayin ya dawo, ba zaɓarsa ta yi ba, tsayawa ta yi tana kuka tsakanin maza biyu har sai da attajirin ya faɗa rami da motarsa. Wato ba haƙuri ne ya ba ta miji ba, haɗarin mota ne.

Gari na wayewa na faɗa gidan Zuwaira ko sallama ban yi ba. Na same ta zaune da littafin a cinya, idonta ya kumbura, ashe mijinta ya je ya gani ya dawo ya yi mata tas. Na ce ta rantse ta gaya mini wa ya yi ƙarya, ita ko ƙyalle. Ta ce haɗa bakin nan yana cikin littafi, nan ne takan ce mana "suka gaisa". Giya ma akwai, a teburin cin abinci, ita ce takan mayar da ita ruwa, don me za ta ɓata mana rai da al'adar da ba tamu ba. Amma mota, da taba, da wankan teku, da attajiri kyakkyawa, ta ce in an samu ko layi ɗaya a ciki a yanke mata hannu. Ta kama shafukan jinyar tsakanin yatsunta ta nuna mini kaurinsu, sun fi rabin littafin. Ta ce wanda ya rubuta ya zauna ya ƙera mutum, su kuwa sun ɗauki sunan kawai sun rataya wa ƴar tsana don su sayar da tikiti.

Na ce to ta zo ta faɗa wa Inna. Ta zo kuwa, ta durƙusa a ƙofar ɗaki, ta buɗe littafi, ta yi bayani tiryan-tiryan. Inna ta saurara har ƙarshe.

"Ƴar nan," in ji ta, "ni ban iya karatun boko ba, mutanen gari ma haka. Abin da ke cikin takarda ke kaɗai kika gani. Abin da ke jikin ƙyalle Gure duka ta gani."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Mu da muka ji littafin ba mu fi mu cika tabarma biyu ba. Waɗanda suka ga silima kuwa har daga Gidigir da Bune an zo, don Ɗan Kasuwa da ya ga ta karɓu sai ya yi ta maimaita ta. Kafin wata ya mutu sunan ya zama zagi. Yarinya ta ɗaura zane sama da idon sawu, a ce mata Sulanji. Wata mace mai zaman kanta a tasha ta ɗauke shi ya zama sunan sana'arta. Wani direba ya sa aka rubuta shi a bayan kamiyonsa. Ƴaƴana maza suka dawo daga makarantar allo da fashewar leɓe, sun yi dambe don an ce ƙanwarsu mai wankan teku ce. Mutanen da ko harafi ɗaya na labarin ba su sani ba, su ne suka fi kowa sanin halin Sulanji.

Ran nan Inna ta tara mu bayan an ci tuwo, ni da ɗanta. Ta ce sunanta ne a ƙarƙashin wannan sunan, duk wanda ya tofa wa na sama miyau, na ƙasa ya jiƙa. Ta ce ta yi shekarunta a duniya ba a taɓa jin sunanta a bakin ƴan tasha ba, ba za a fara da furfurarta ba. Daga yau yarinya Uwani ce. Wanda ya sake kiran wancan a gidan nan, ba ta yafe ba.

Me zan ce? Uwar miji ce, ko ido ba na haɗawa da ita. A ɗaki ne na buɗe wa maigida wuta, na ce yarinya ba akuya ba ce da za a sauya mata igiya a kasuwa, na ce ku da kanku kuka sa albarka, na ce don wasu Nasaru sun yi ƙarya sai ƴata ta biya. Ya ce wa ya aike ni in tara wa yarinya gari. Ya ƙara da cewa zuwa gidan Zuwaira jin littafi ya ƙare. Mijin Zuwaira ma ya riga ya kulle littafin a akwatinsa.

Yarinya kuwa ba ta san an yi ba. A kira Uwani, ta ci gaba da wasanta da ƙwallon goruba. A sake kira, ta waiwaya ta ga wa ake nema. Inna ta fara da dabino, in ta amsa a ba ta, in ta ƙi a mayar cikin kwano tana kallo. Da dabino bai yi ba aka koma tsinken kaba a ƙafa. Ina ɗaki ina jin kukanta tana cewa ita ba Uwani ba ce, ita Sulanji ce, a sake tsula mata don ta faɗa. Sau nawa na kama ƙofa zan fita na dawo na zauna. Ni kuma na ƙi kiran sabon, na kasa kiran tsohon, na koma ce wa ƴata "ke" kamar baƙuwa. Ban taɓa jin haushi irin na kwanakin nan ba, ga shi ba wanda zan sauke wa. Waɗanda suka yi laifin suna bayan teku, ƙyallensu ma an naɗe an tafi da shi wani gari.

A hankali kukan ya ragu. Wata safiya ina yi mata wanka a bayan ɗaki, Inna na can zaure tana gaisawa da baƙi, ba kowa kusa. Na zuba mata ruwa a ka, na sunkuya daidai kunnenta, na kira ta da sunanta a hankali yadda na saba tun tana zanen goyo.

Ta zabura ta dubi ƙofa, sannan ta sa jiƙaƙƙen hannunta ta rufe mini baki.

"Umma, bari," in ji ta. "Kaka ta ce sunan ƴan iska ne."

Na ƙarasa yi mata wankan, na goge mata jiki, na ɗaura mata zane. Daga ranar ni ma Uwani nake ce mata. Yau tana da ƴaƴa har ta aurar, kuma da na taɓa ɗauko mata maganar dariya ta yi, ta ce ita ba ta tuna an taɓa kiranta da wani suna ba.